Tayar da Na Ƙi Jefarwa

Samarin da ke zama a bencin rumfata ta faci, a bakin titin Tudun Wada, ba su da aiki sai kallon wasan mota a waya da musu a kansa. Wasu su ce wasan juyi, wanda suke kira dirifti, shi ne gwaninta. Wasu su ce tseren kewaye, inda motoci ke bin juna a fili mai kama da faifai, shi ne tuƙi na gaskiya. Babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa shaƙar hayaƙin ko wanne. Ni na shaƙi duka biyun a Afirka ta Kudu, na kuma baro yatsu biyu a can. Zan faɗi abin da na gani bi da bi.

Sunana Hamisu. Na tafi ne tare da Garba, ɗan kawuna na Badafi, wato taubashina. Direba ne, yana jan haya daga Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa, kuma duk bikin da aka ji ƙarar taya a ƙasar Kiru, to shi ne a kan sitiyari. Abu ɗaya za a riƙe tun daga nan. Kafin mu tashi Kawu ya kama hannuna ya ce, “Hamisu, kai ne mai hankalin. Yadda na ba ka shi, haka za ka dawo mini da shi.” Na ce na ɗauka.

Zango na ɗaya: Johannesburg

Mutumin da ya yi mana alkawarin aiki a gareji ya tarye mu da fara'a, ya kai mu wani tsohon bene, ya karɓi fasfo ɗinmu wai za a buga hatimi. Ba mu sake ganinsa ba.

A rana ta uku, da hantsi, mutum uku suka tare mu a bakin benen. Na miƙa wayata ba musu. Garba ya ƙi. Ɗaya ya tsaga masa dantse da wuƙa, ɗaya ya buga mini gindin bindiga a baki, haƙorina na gaba ya faɗi a kan kwalta. Mutane suna wucewa da ledojin cefane, babu wanda ya waiwayo.

Muka lallaɓa wani ƙaramin masallaci muna jini. A nan wani dattijo ɗan ƙasar Malawi, Baba Yusufu, ya yaga rawaninsa ya ɗaure wa Garba hannu. Ya dubi tafin hannuna, ya ga baƙin da sabulu ba ya fitarwa, ya ce, “Kai mai taya ne?” Na ce e. Ya ce, “To ku biyo ni.”

Zango na biyu: filin Baba Yusufu

Baba Yusufu yana sayar da tsofaffin tayoyi a wata unguwar baƙar fata a bayan gari. Muna kwana a cikin kwantena, muna cin tuwon masara fari fat ba miyar kuka. Abin da na fi kewa shi ne kiran sallar asuba daga masallatai goma a lokaci guda. A can sai dai waya ta tashe ka.

Dole in bayyana sana'ata, don a kanta komai ya rataya. A wajenmu taya ba ta mutuwa. Na ɗaya, a yi ta tafiya da ita sabuwa. Na biyu, ta sha faci. Na uku, idan ta suɗe ta yi sanƙo, a kawo mini in zafafa wuƙa in yanka mata sabon zane. Na huɗu, ta koma amalanke. Na biyar, a feɗe ta a yi guga da takalmi da robar ɗaure kaya. A mataki na uku babu wanda ya kai ni daga Bebeji har Doguwa. In na gama zane, sai ka rantse daga kanti ta fito.

To a unguwar nan sai na tarar da masu sayen taya don kawai su kashe ta. Babban cikinsu wani ne Sipho, mai haƙorin zinare da tsohuwar motar Jamus mai ja da tayoyin baya. Kowace Lahadi da yamma suna taruwa a wani fili mai kwalta. Mota za ta shigo, direba ya danne totur, ya saki kuloci, bayanta ya fizge. Sai ta yi ta juyi a gicciye, hayaƙi fari yana tashi har ba ka ganin na kusa da kai. Wani ya fito rabin jikinsa ta taga. Wani ya sauka gaba ɗaya, ya bar motar tana juyi ita kaɗai, ya zagaya ya koma ciki. Ba a tsayawa sai tayar baya ta fashe. Wannan ƙarar ita jama'a ke jira. Da ta yi, sai ihu da tsalle kamar an ci ƙwallo.

Na duba Garba, na ga bakinsa a buɗe.

Na ce, “Rufe bakin, ba za ka shiga ba.”

Ya ce, “Bawana, tun yaushe bawa yake ba ubangidansa umarni?” Haka yake kirana tun muna yara, don ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji.

Na ce, “Wannan ba tuƙi ba ne. Mota ta tashi daga nan, ta ƙare a nan, ba ta kai kowa ko'ina ba. Almubazzaranci ne da hauka.”

Ya ce, “Kai ka san taya, ba ka san mota ba. Ka ga yadda ya goga bayanta a jikin durom bai kayar da shi ba? Da ƙugunsa yake jin motar, ba da ido ba.”

Ba a yi wata biyu ba Sipho ya ba shi sitiyari. Gaskiya ɗaya zan faɗa: ya iya. Yakan ajiye kwalba a tsakiyar fili ya kewaye ta sau goma, hancin motar bai bar kallonta ba. In tayar ta fashe, sai ya ci gaba da juyi a kan ƙarfen wili yana feshin wuta. Suka sa masa suna Kano. Sipho yakan ce mini, “Liman, ɗan'uwanka aljani ne. Kai me ya same ka?”

Wata Lahadi wani direba, ba Garba ba, motarsa ta ƙwace ta faɗa cikin 'yan kallo, don babu shinge tsakaninsu da fili. Ta danne wata mata a jikin katanga. Na ji ƙarar ƙashinta. 'Yan'uwanta suka jawo direban ta taga, suka yi ta tattaka kansa har ya daina kare fuska. Wani ya harba bindiga, jama'a suka watse suna take juna. Na sami Garba a ƙarƙashin wata mota yana dariyar tsoro. Na shaƙe wuyan rigarsa na ce, “Wallahi ba zan kai wa Kawu gawarka saboda tafi ba.”

Kafin in san yadda zan raba shi da wurin, aka raba mu duka. Wata safiya gungun mutane suka shigo unguwar da sanduna da adduna suna cewa baƙi su fita. Suka fasa wa Baba Yusufu kai, suka cinna wa filin tayoyinsa wuta. Kwana biyu tayoyin suna ci. Sipho ne ya fitar da mu a kwance a bayan motarsa. Da Baba Yusufu zai koma ƙasarsu, kansa a naɗe da bandeji, ya rubuta mini sunan wani Bature da ke sayen taya a wurinsa. Ya ce, “Ka nuna masa wuƙarka.”

Zango na uku: garejin Kobus

Kobus tsoho ne, ƙato, ja kamar gauta, ba ya dariya. Yana da gareji a wani ƙaramin gari da motoci biyu na tseren kewaye. Motocin gida ne na yau da kullum, an cire kujeru da gilasai, an yi waldar bututun ƙarfe a ciki kamar keji. Filin tseren na jar ƙasa ne, kuma a kan ƙasa dole a yanka wa taya zane da hannu don ta kama. Ya ba ni taya ɗaya ya tsaya a kaina. Da na gama ya shafa zanen da babban yatsa, ya ce, “Gobe ƙarfe bakwai.” Shi ne kuma ya share mini wani lungu bayan injin iska ya ce, “Nan za ka riƙa sallarka. Duk wanda ya taka wurin, ka gaya mini.”

Ranar Asabar ta farko da na ga tseren, zuciyata ta kwanta. Komai da tsarinsa. Na ɗaya, a duba kowace mota. Na biyu, direba ya sa hular kwano, a ɗaure shi da bel. Na uku, motoci su jeru biyu-biyu. Koriyar tuta, a tashi. Ruwan ɗorawa, a rage gudu. Ja, a tsaya. Tsakanin 'yan kallo da fili akwai katanga da ragar waya. Ga motar asibiti a gefe. A ƙarshe kuma akwai na ɗaya, akwai na biyu, babu musu. Na ce a raina, nan ne inda zan ajiye amanar Kawu.

Garba ya yi tsaki ya ce, “Wannan ai dokin mazarƙwaila ne. Hagu, hagu, hagu, har rake ya ƙare.”

Na ce, “Dokin mazarƙwaila yana mutuwa da tsufa.”

Shara yake yi a garejin, kullum yana cewa zai koma wurin Sipho. Ni na roƙi Kobus ya gwada shi. Sau uku ina roƙo. Da ya gwada shi, Garba ya shiga kwana a gicciye yana watsa ƙasa sama, ya fito yana jiran yabo. Kobus ya nuna masa agogo ya ce, “Ya yi kyau. Kuma matata ta fi ka sauri. A nan ma mota tana zamewa, amma don ta wuce, ba don a gan ta ba.”

Abin ya ci wa Garba rai, shi ya sa ya zauna. Ya koyi abin da bai sani ba: yadda ake tafiya da mota goma sha biyar a kewaye da kai, ƙofa na gogar ƙofa, yadda ƙasa ke sauyawa in ta bushe, yadda ake bin mutum zagaye takwas ana jiran kuskurensa ɗaya, yadda ake tattalin taya don ta kai ƙarshe. Wata rana muna cin burodi ya ce, “Bawana, a wurin Sipho ni da mota ne kawai. A nan ni da mugunta goma sha biyar ne. Wancan ya fi daɗi, wannan ya fi wuya.” Na ji daɗi ƙwarai. Na kira Kawu a waya na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na sa Garba a hanya.

Zango na huɗu: tayar

A cikin wani mako Kobus ya ware taya huɗu, ya yi musu alama da alli, ya ce in kai juji. Uku sun mutu da gaske. Ta huɗun na danna ta da yatsa, na ji da sauran nama. A Tudun Wada wannan taya za ta yi shekara tana zuwa Doguwa tana dawowa. Hannuna ya ƙi jefa ta. Na goge allin, na zafafa wuƙa, na yanka mata zane. A wuri biyu na ji bakin wuƙar ya taɓo zare. Na san abin da hakan ke nufi. Amma a gida na sha taɓo zare, direba ya ɗauka ya tafi ya dawo lafiya. Abin da ban lissafa ba shi ne, direban gida ya san abin da ya saya, yana lallaɓa ta. Na ajiye ta a cikin tayoyin ko-ta-kwana.

Ranar Asabar, a zagayen share fage, wani ƙarfe ya yanke wa Garba tayar baya ta dama. Ita ce ke ɗaukar duk nauyin mota a kwana. Saura minti kaɗan a shiga babban tsere, kuma a karo na farko Garba zai tashi daga layin gaba. Kobus ya daka mini tsawa in kawo wata. Mai girman da ake so guda ɗaya ce ta rage, wadda na goge wa alli. Na mirgino ta. Ya dube ta, ya ga zane sabo fil, ya ɗaga mini babban yatsa. Da hannuna na ɗaure ta, na bi notinta ɗaya bayan ɗaya.

Garba ya leƙo ta cikin hular kwano ya ce, “Bawana, in na ci, yau kai za ka wanke mini ƙafa.”

Na ce, “Ka dai bi a hankali.” Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ina da lokacin da zan faɗi sauran.

Zagaye goma sha ɗaya yana gaba. A na goma sha biyu, a tsakiyar kwanar da ke gaban rumfar 'yan kallo, na ji ƙarar da na sani. A filin Sipho da an yi ihun murna. A nan filin ya yi tsit.

Kobus ya gaya mini daga baya cewa da wani ne cikin duk direbobin da ya sani, da motar ta kife da shi ta yi tsalle kan ragar, inda yara ke maƙale suna kallo. Garba bai kife ba. Fashewar taya abincinsa ce. Na ga ya mayar da sitiyari, ya ƙara wuta maimakon birki, ya riƙe motar a gicciye tana tafiya a kan wili, bayanta yana kankarar katanga, har ya raba ta da ragar. Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba, kuma a wurin Sipho ya koyo shi.

Amma a wurin Sipho babu kowa a bayanka. Motar ta tsaya a gicciye a tsakiyar hanya. Na biyu ya kauce. Na uku bai gan shi ba saboda ƙura, ya shige ƙofar Garba da dukkan gudunsa. Kejin ƙarfen ya lanƙwashe ciki. Sai da aka kawo injin yankan ƙarfe. Ina jin muryarsa yana kiran sunan Allah, yana kiran innarsa, har ya yi shiru.

Wanda ya buge shi saurayi ne, ya karye a wuya da kafaɗa. Yayyensa biyu suka je suka ɗauko ragowar tayar. Masu tsere ne, sun san abin da suke dubawa. Suka buɗe zanen, ga zare a yanke a bin wuƙa, layi ɗaya tsaf. Babban ya ce, “Wa ya yanka wannan?”

Ba wanda ya nuna ni. Ni na ce, “Ni ne.”

Naushin farko ya same ni a ciki, na durƙushe. Suka ja ni bayan akori-kura. Ɗaya ya take mini wuya da takalmi, ɗaya ya ɗora hannuna na dama a kan wili, ya ɗauko sifanar taya. Ya ce, “Da wannan?” Sau huɗu ya sauke ta. Na ƙirga. Kobus yana tsaye, tayar tana hannunsa, yana kallon gefen da na goge allinsa. Ya bari sai da aka sauke ta huɗun. Sannan ya ce, “Ya isa.” Shi ya ɗauke ni ya sa a mota ya kai ni asibiti. Har muka isa bai dube ni ba.

Zango na biyar: asibiti

An yanke mini ɗan ali da na tsakiya. An yanke wa Garba ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, ƙafar totur.

Kwana tara kafin in iya zuwa bakin gadonsa. Na tsaya na faɗa masa komai bi da bi: allin, wuƙar, zaren, da minti kaɗan ɗin da na yi shiru.

Ya ce, “Ka ji zaren?”

Na ce, “Na ji.”

“Sau nawa?”

“Biyu.”

Ya ce, “A wurin Sipho kowa ya san tayar za ta fashe, har mai sayar da lemo. Shi ya sa ba ta taɓa cin kowa ba. Kai ka kawo ni inda aka yarda da taya.” Ya juya fuska bango. Ban ji ya ce bawana ba, ranar ko bayanta, har muka baro ƙasar.

Sipho ya zo da mutanensa, sun cika ɗakin da surutu har ma'aikatan jinya suka kore su. Su suka shirya wasa na musamman da sunan Kano, da abin da aka tara aka yi mana takardun komawa da tikiti. Kobus bai zo ba. Ya aiko da sanduna biyu na ƙarfe da ya haɗa da kansa, daidai tsayin Garba, da buzun sallata a naɗe.

Zango na ƙarshe: Badafi

Mun isa ana cikin girbin dawa. Kawu yana zaune a ƙofar gida. Ya ga an sauko da Garba, ya ga sandunan, ya ga ƙafar wandon da aka naɗe da fil. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar har ƙarshenta, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce, “Hamisu, haka na ba ka shi?”

Na buɗe baki zan fara daga farko. Garba ya riga ni.

Ya ce, “Baba, taya ce ta fashe. Tsere ne, ana yi.”

Na ce, “Kawu, ni na…”

Garba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Kai, bawa ba ya magana ubangidansa na magana. Ɗauko mini jakata.”

Na ɗauko. Amma da aka yi la'asar na sami Kawu shi kaɗai a zaure, na faɗa masa duka, don ni aka ba amanar, ba Garba ba. Ya saurara har na gama. Ya dubi hannuna ya ce, “Allah Ya sa iyakarta ke nan.” Har ya rasu yana amsa gaisuwata, amma bai sake ba ni ko akuya in kai masa kasuwa ba.

Saboda haka in samarin nan suka matsa mini in raba musu gardama, ga abin da nake ce musu. Wasan juyi ya fi daɗin kallo, kuma gwaninsa ya fi sanin mota. Tseren kewaye ya fi wuya, kuma gwaninsa ya fi sanin mutane. Wanda ya fi haɗari kuwa, shi ne wanda ka saki jiki da shi.

Garba yana sayar da kayan gyaran mota a Kwanar Ɗangora. Ni na koma faci da yatsu takwas. Makon jiya wani direban Doguwa ya mirgino mini taya mai sanƙo, ya ce, “Malam Hamisu, an ce kai ne gwanin zane. Ka taimaka, da sauran nama a jikinta.”

Na danna ta da yatsa. Gaskiyarsa, da saura. Na ɗauki wuƙa da hannun hagu, na soka a gefenta na tsaga har ƙasa, yana tsaye yana salati. Na ba shi wata mai rai daga cikin nawa, na ce ya dawo jibi ya karɓi gugansa.